Kunne Ma Ma'auni Ne: Abubuwan Mamaki 17 Game da Kalmomin da Ke Kwaikwayon Sauti

A ƙasar noma ta arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Ɓagwai, Tsanyawa, Kunchi, Makoɗa, Ɗambatta da Minjibir, gona tana manne da gona, gida yana hango gida. Babu wani daji mai faɗi da zai haɗiye ƙara, don haka abin da aka yi a wannan gida ana jin sa a wancan. Mutanen da suka tashi a irin wannan wuri sun raɗa wa kusan kowane sauti suna. A darasin nahawu ana kiran dangin waɗannan kalmomi amsa-kama. Wasu na ɗaukarsu kwalliyar zance ko maganar yara, alhali kayan aiki ne, da su ake auna ruwa da amfanin gona da girki, har da halin mutum.

1. Da ita ake buɗe baki kowace safiya

"Ina kwana, Baba?" "Lafiya lau." Wannan lau, da 'yar'uwarta ƙalau, amsa-kama ce. Dangin sun rabu gida biyu. Akwai masu kwaikwayon abin da kunne ya ji, irin su tim na faɗuwar buhu da ɗis na ɗigon ruwa. Akwai kuma masu ba abin da ba shi da ƙara murya, irin su fat na fari da lau na lafiya. Clement Doke, masanin harsuna na Afirka ta Kudu, shi ne a 1935 ya yi wa wannan aji bayanin da masana ke komawa gare shi har yau.

2. Suna karya dokar da sauran kalmomi ke bi

Kusan duk kalmar Hausa ta asali da wasali take ƙarewa: gero, dawa, gona, rumbu, fartanya. Amsa-kama kuwa sau da yawa da baƙi take rufe baki: cak, kaf, tsit, wuf, daram, kwatsam. Sannan mai magana yakan ɗaga murya a kanta fiye da sauran jimlar. Ka faɗi "rumbun ya cika fal" ka saurari inda muryarka ta hau. Paul Newman ya yi rubutu kan yadda suke zama cikin jimla a 1968, M. K. M. Galadanci kuma ya fitar da nasa nazarin kan amsa-kamar Hausa a 1971.

3. Ruwan sama yana da ƙamus nasa

Inda damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, babu abin da ake saurare da kunne biyu kamar hadari. Cida ita ce rugugin nesa, mai sa manomi ya leƙa gabas. Tsawa ita ce ta kusa, mai fashewa. In ruwan ya sauko yaf-yaf, yayyafi ne, ba zai jiƙa ƙasa har a fita da sungumi ba. In ya zo shaa, aka ji indararo na kwarara, to gobe gari zai watse zuwa shuka. Bayan ya ɗauke cak sai a bar rufin ɗaki da ɗis-ɗis. Wanda ya dawo daga ƙauyen maƙwabta zai iya ba da labarin ruwan jiya da kalma ɗaya, kuma mai sauraro ya gane ko ya yi shuka ko bai yi ba.

4. Faɗawa ruwa iri uku ce

Facal na ruwa mara zurfi ne, wanda ƙafa ke taka ƙasansa ya fantsalu. Tsulum na ƙaramin abu ne da ya shige ruwa ba hayaniya, kamar tsakuwa a rijiya. Tsundum kuwa na abu mai nauyi ne a ruwa mai zurfi. Yaran da ke wanka a gefen madatsar Watari ta Ɓagwai ko ta Tomas a ƙasar Ɗambatta sun san bambancin tun kafin su shiga aji. Uwar da aka ce mata ɗanta ya faɗa facal za ta nemo masa wata riga. Wadda aka ce mata tsundum, da gudu za ta fita.

5. Ciniki da kunne

Mai sayen gyaɗa yakan ɗebi 'yan kwanso ya girgiza kusa da kunne. In ƙwayar ta yi kacau-kacau a ciki, ta bushe, ba za ta yi fumfuna a buhu ba. In shiru, da sauran danshi. Daga ƙananan kasuwannin ƙauye har zuwa Dawanau, babbar kasuwar hatsi da ke ƙasar Dawakin Tofa, wannan gwaji bai tsufa ba. Mai sayen tukunya ko tulu yakan ƙwanƙwasa da yatsa: mai lafiya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Haka ake bubbuga kankana. Haka ake jefa tsakuwa a rijiya a ƙirga jinkirin da za a yi kafin a ji tsulum. Karan dawa da ya bushe ƙayau yana karyewa ɓas, ɗanye kuwa lanƙwasa yake yi. Duk waɗannan awo ne, kuma kalmar ita ce ke riƙe da sakamakon awon har a isar da shi ga wanda bai je wurin ba.

6. Lugude: sunan ma daka yake yi

Ka furta kalmar sau uku a jere, za ka ji taɓare na sauka ɗaya bayan ɗaya. Lugude shi ne mata biyu ko uku su haɗu a turmi guda, kowace taɓarya ta sauka a gurbin da 'yar'uwarta ta bari, wani lokaci har a cilla taɓarya sama a tafa kafin a cafe. Maƙera ma suna yin nasu a kan uwar maƙera. Maƙwabciya daga bayan danga tana iya bambance sussuka da surfe da dakan gari ta nauyin ƙarar kawai. In kuwa lugude ya tashi a gida tun da hantsi ya ƙi tsayawa, unguwa ta san akwai biki ko suna a tafe.

7. Halittun da suka raɗa wa kansu suna

Agwagwa tana faɗin sunanta duk lokacin da ta buɗe baki. Buzuzu fukafukansa ne ke faɗin nasa. A kukan cilakowa, mai tashi daga gawo zuwa tsamiya, kunne yana tsintar sunan. Talotalo ya zo da tarihi mai tsawo: tsuntsun asalinsa nahiyar Amurka ne, sunan kuma daga Yarbanci Hausa ta karɓe shi, inda ake cewa tolotolo, kwaikwayon yadda yake kaɗa murya. Ragon maza ne ya fita daban. Kukansa kamar ana ɓulɓula ruwa daga gora mai ƙaramin baki, amma Bahaushe ya bar kukan ya kama halinsa na nauyin tashi ya yi masa suna da shi.

8. Alhudahuda: kuka ɗaya, harsuna uku

Tsuntsun nan mai tukku da ke tonon ƙasa a gefen gona yana kuka hud-hud-hud. Larabawa suka kira shi hudhud, sunan da ya zo cikin Suratun Namli a ƙissar Annabi Sulaiman, alaihis salam. Hausa ta ari sunan tare da al ɗinsa ya zama alhudahuda. Rumawan dā kuma da Latin suka ce masa upupa. Larabawa da Rumawa da ba su zauna majalisa ɗaya ba sun saurari tsuntsu guda, kowa ya rubuta abin da ya ji, kuma amsoshin sun yi kama.

9. Zakara yana cara da harshen mai gidansa

Bahaushe yana jin ƙiƙiriƙi. Bajamushe yana jin kikeriki, Bafaranshe kokoriko, mutumin Japan kokekokko. Zakaran bai sauya ba, kowane harshe ne ke tace ƙarar da baƙaƙe da wasulan da yake da su. Abin lura shi ne duk huɗun sun kama sautin ka na maƙogwaro sun maimaita shi. Bahaushe ya ƙara masa ƙugiya saboda yana da ƙa mai tsauri wadda waɗancan ba su da ita. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kowane kunne ma jin gidansu yake yi.

10. Kuka na kowa ne, amma wasu an ware musu nasu

Jaki, akuya, saniya, kwaɗo, gyare, jariri, har ƙofa da ganga, duk kuka suke yi a Hausa. Sai dai akwai waɗanda aka keɓe wa kalma: zakara cara, kare haushi, doki haniniya, zaki gurnani, maciji huci, kaza kyarkyara. Ka duba jerin da kyau, kusan duk sautuka ne masu ɗauke da saƙon da ake bukatar a gane nan take. Cara lokaci ce, haushi baƙo ne ko ɓarawo, huci haɗari ne, kyarkyara kuma ita ke sa uwargida ta leƙa akurki neman ƙwai. Ba banza ba aka ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

11. Daga ƙara guda an haifi dangi

Ƙyas ita ce ƙarar da ƙarfe ke yi in ya goga ƙanƙara. Daga gare ta aka sami ƙyasta, aikin kunna wuta, da ƙyastu, abin kunna wutar da ake amfani da shi kafin ashana ta yawaita. Yau ma ashana ƙyasta ta ake yi. Wanda aljihunsa ya bushe kuma yakan ce ba shi da ko ƙyas. Haka tsundum ta haifi tsunduma, har ana cewa mutum ya tsunduma cikin bashi. Tim ta haifi tima, wadda ɗan kokawa ke yi wa abokin karawarsa. Ƙwal ta ba da ƙwala, ko da dutse ko da kira. Ƙwanƙwasa, ƙyaƙyata, kurkure da ɓulɓula duk suna ɗauke da ƙarar aikinsu a jikinsu.

12. Baki yana tsukewa ga ƙarami, yana buɗewa ga babba

Mitsitsi, siriri, tsigigi: wasalin i ne ya cika su, kuma duk ƙanana ne. Gabjeje, shirgege, ribɗeɗe, zungurere: baƙaƙe masu nauyi, baki a buɗe, kuma duk manya ne. Ko goro ma, ƙaras-ƙaras ta fi garas-garas laushin ji. Wannan ba ga Hausa kaɗai ya tsaya ba. A 1929 Edward Sapir a Amurka ya ba mutane ƙagaggun kalmomi biyu, mil da mal, ya ce su raba wa ƙaramin tebur da babba, mafi yawansu suka ba babban mal. A shekarar ce kuma Bajamushe Wolfgang Köhler ya gwada zane mai tsini da mai kumbura da sunayen takete da baluma. Da Ramachandran da Hubbard suka sabunta gwajin a 2001 da kiki da buba, kusan kashi 95 cikin 100 sun ba mai tsinin kiki. Kakar da ke ce wa jikanta ɗan mitsitsi tana bin ƙa'idar da aka shiga ɗakin bincike kafin a tabbatar.

13. Kowane launi da abokin tafiyarsa

Fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar. Ba a musanya su. Wanda ya ce baƙi fat ko fari ƙirin, ko yaron da bai shiga makaranta ba zai gyara masa. Lissafi ma haka: ɗaya tak, biyu rak, goma cif. Tufa tana jiƙewa sharkaf, tana bushewa ƙamas. Ruwan randa sanyi ƙarara, na tukunya zafi zau. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da ƙara a zahiri, amma harshe ya ba su, domin a bambance farin da ya yi fari da wanda ya kai maƙura.

14. Shiru ma yana da ƙara

Gari ya yi tsit. Wuta ta ɗauke ɗif. Mai laifi ya yi tsuru-tsuru, mai baƙin ciki ya yi jugum, wanda ya ƙi magana da gangan ya yi gum, bai ce uffan ba. Shiru iri biyar ke nan, kowanne da dalilinsa, kuma mai unguwar da ke sasanta rikicin iyakar gona yana karanta su kamar wasiƙa, don shiru ma magana ce. Mutanen Japan, waɗanda wani ƙamusunsu na 2007 ya tattara irin waɗannan kalmomi 4,500, su ma suna da kalmar tsit tasu, shiin, har suna rubuta ta cikin zanen labarai inda babu mai magana.

15. Almajiri yana karanta su a allo

A tajwidi akwai ƙalƙala, ɗan bugun da murya ke yi a kan haruffa biyar, ƙaf, ɗa, ba, jim da dal, idan suka zo da ɗauri. Sunan kansa yana kaɗawa kamar abin da yake nufi. Waswasi, wadda Hausa ta aro daga Larabci, raɗa ce a cikin baki. Zalzala tana girgiza a kan harshe. Malaman Larabci sun lura da haka tun tuni. Khalil bin Ahmad ya nuna cewa Larabawa sun ja sauti wajen faɗin kukan wani ƙwaro mai ja, suka yayyanka shi wajen faɗin kukan shaho mai yankewa. Ibn Jinni, wanda ya rasu a 1002, ya kawo a littafinsa Al-Khasa'is ra'ayin masu cewa harsuna sun faro ne daga kwaikwayon iska da tsawa da ruwa da kukan dabbobi, ya auna shi tare da ra'ayin masu cewa harshe koyarwa ce daga Allah. Muhawarar da Turawa suka yi zafi a kanta a ƙarni na 19 ta riga ta kwana a zauren malaman Bagadaza.

16. Inda aka juya lamarin: ganga na kwaikwayon mutum

Caki, kacau-kacau da cakansami sunayensu ƙararsu ce. Kalangu kuwa akasin haka yake yi, shi ke kwaikwayon bakin mutum. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana hawa ko sauka ko faɗuwa. Makaɗi yana matse tsarkiyar kalangu a hammata fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauka, sai ya bi karin jimla gaɓa-gaɓa. Da haka ake kaɗa wa mutum takensa ba tare da an buɗe baki ba. A al'ada kalangu na mahauta ne, jin sa a kasuwa na nufin an yi yanka. A wurin gayya kuma gangar noma ce ke kiran kowane saurayi da takensa, ya ji ya ƙara duƙawa a kan kunya. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da muhallansu a littafin da suka fitar a 1971.

17. Babur ba daga burr ya samo suna ba

Kunne zai rantse cewa daga ƙarar injin aka ciro sunan, amma masana harshe suna mayar da kalmar ga Larabci, inda babur ke nufin jirgi ko inji mai tururi, su ma Larabawan daga kalmar Turawan Bahar Rum ta tururi suka aro ta. Ta dace da ƙarar ne kawai, shi ya sa ta zauna daram. Keken haya mai ƙafa uku da Kano ke kira a-daidaita-sahu, a Tailan tuk-tuk ake ce masa, kuma wannan kam ƙarar inji ce tsantsa. Fitilar gwangwani ta a-ci-bal-bal kuwa rawar harshen wutarta aka kwaikwaya. A kicin ma haka abin yake: miya tana ɓararraka, mai yana cuu in ƙosai ya sauka, ƙuli-ƙuli mai kyau rumus yake a baki.

Abin da ya rage a hannunmu

Waɗannan kalmomi sun fi sauran wuyar kamawa a takarda. In aka cire ƙugiya, wadda ta shigo rubutun boko a shekarun 1930, ƙwal ta zama kwal, ɗif ta zama dif, ƙarar ta mutu. Tsaki har yau ba shi da tsayayyen rubutu, marubutan littattafan Kano kowa da yadda yake jera baƙaƙensa. Karin harshe ma yana taɓa su: wanda ya nufi yamma zai ji farat ta koma hwarat a bakin Basakkwace. G. P. Bargery ya adana da yawa cikin ƙamusunsa na 1934 mai kalmomi kusan 39,000, Abubakar Imam ya nuna a Magana Jari Ce cewa suna da mazauni a rubutaccen labari, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya ci gaba da aikin da Hausa zalla.

Amma kalmar da ke kwaikwayon sauti tana rayuwa ne muddin ana jin sautin. Injin niƙa yana karɓe aikin turmi, famfon burtsatse yana karɓe na guga, ƙyastu ya riga ya tafi ya bar mana ƙyas. Yaron da bai taɓa jin taɓare uku a turmi ɗaya ba zai san lugude a zancen siyasa kawai, inda ake luguden laɓɓa. Maganin ba mai tsada ba ne. Malamin Hausa a firamare zai iya tura kowane ɗalibi gida ya kawo kalmomi goma daga bakin kakarsa, kowace da aikin da ake faɗinta a kai. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da na Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta suna da waya a aljihu, za su iya naɗar kalmar tare da ƙarar da ta haife ta, a gona da masussuka da maƙera da bakin rijiya. Marubuta kuma su daina jin kunyar sa su a rubutu, su sa musu ƙugiyarsu cif. Tsofaffin da suka san bambancin waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya suna nan da ransu a garuruwan nan, kuma wannan kaka ce ya kamata a fara zuwa wurinsu.